Jar Wayar da Ta Gajarce

Ku matso kusa ku ji, ba zan ɗaga murya ba, don wanda zan yi zancensa yana kishingiɗe a soron cikin gida, kuma kunnensa har gobe garau yake. Ido ne dai ya gaza masa.

Maigidana malamin lantarki ne. A gidansu, nan cikin Ƙofar Gayan, kowa da littafi ya tashi. Mahaifinsu a zaure yake ba da karatu, yayyensa wani alƙali wani ma'aikacin ofis, shi kaɗai ya kama filaya da waya. Ya yi shekaru yana koyarwa a wata makarantar fasaha da ke wajen ganuwa har ya yi ritaya. Sai dai ritayar a ofis ta tsaya, ba ta iso gidanmu ba.

Dalili kuwa, a makarantar katakon gwaji kaɗan ne, yara kuwa rututu. Yaro sai ya kai ajin ƙarshe yana zana makunni da ƙwan fitila a littafi, zane mai kyau har da rula, amma bai taɓa fere waya da hannunsa ba. Ga shi a jarrabawar fita akwai ta aikin hannu, wadda za a ajiye maka katako da waya a ce haɗa mu gani. Shi ya sa tun yana aiki Malam ya ce 'yan ajin ƙarshe su riƙa zuwa gida Asabar da Lahadi bayan azahar. Zauren da mahaifinsa ya ba da karatu a ciki, shi aka jera wa katakai a jikin bango.

Ni ban yi nisa a boko ba, firamare ma ban ƙarasa ba. Amma ɗakin girkina bango ɗaya ne ya raba shi da zaure, kuma akwai wata 'yar tagar shan iska a sama. Duk abin da aka koyar a zauren nan ta tagar yake biyowa ya faɗo cikin tukunyata. Jar waya ce mai ɗauke da wuta, baƙa ce hanyar komawarta, koriya ta ƙasa ce. Makunni a kan ja yake zama, ba a kan baƙa ba. Ba a taɓa komai sai an sa testa an ga ko da wuta. Ba a shiga aiki babu takalmin roba. Na ji su, na ji su, har ina jin ko kajina sun haddace.

Na gaji, ba zan ɓoye muku ba. Shekara da shekaru ba ni da Asabar, ba ni da Lahadi. Suna ko biki in ya faɗo ranar, leƙawa nake in dawo, don sai na dama kunu, na cika butoci, na zauna ina sauraron bugun guduma har kaina ya ɗauki zafi. In sun watse ni ce da tsintsiya. Ɓawon waya ja da baƙi ko'ina, ƙananan ƙusoshin kilif na kafe waya da sai na tsince ɗaya bayan ɗaya na miƙe lanƙwasassu a kan dutse, don kada jikokina su taka, kuma don za a sake amfani da su. Ga warin ƙonanniyar roba da ke kama labule. Soket ɗin ɗakina kuwa ya mutu tun ban san yaushe ba, kullum ana cewa za a duba.

Waya ma ba sabuwa ake saye kullum ba. In rukuni ya gama, sai a kwance aikinsu, a miƙe wayar a ajiye wa na baya. Kowane yaro kuwa in zai haɗa sai ya guntule inda na gabansa ya murɗe, ya fere sabon baki. To kun ga, kowace shekara wayar raguwa take. Wadda na sani da tsawon tabarma ta koma tsawon muciya, ta muciya ta koma ludayi. Ja ta fi saurin ƙarewa, don ita ce ke zuwa makunni sannan ta wuce fitila. Wani lokaci tsohon ɗalibi ya kawo ragowar da ya samo a wurin aiki, a ɗan sarara, sannan a koma gidan jiya.

Maganar ido kuwa, ni na fara lura. Wata safiya ya tsiyaya shayi a gefen kofi, ya ce kofin ne ya matsa. Ya fara tambayata ko hadari ne a gari alhali rana tsaka tar. Sai na ga in ya ɗauki waya yana kai ta bakin ƙofa wajen haske, yana juya ta, yana juya kansa. Da na matsa masa ya ce kamar hayaƙi yake gani, amma ba komai, tsufa ne. Babban ɗanmu bai yarda ba, ya sa shi a mota ya kai shi asibitin ido. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe, aikin ba mai wuya ba ne, amma kada a yi ta jan lokaci, kuma bayan an yi sai ya kwanta ya huta na wani ɗan lokaci, ba sunkuyo, ba ƙura, ba guduma.

Malam ya dawo ya cire hula ya ce, “To, mun ji. Bari yaran nan su yi jarrabawa.”

“Malam, jarrabawar da sai damina ta kama?”

“Ido ba zai gudu ba, Hajiya. Jarrabawa ce ke da rana.”

Ya kuma roƙe ni kada yaran su sani. Ya ce wa zai aiko ɗansa koyon wuta wurin wanda ba ya bambance ja da baƙi. Sai na samo dabara irin tawa ta mata. Duk safiyar Asabar in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in ware wayoyin kamar mai tsince wake: ja a faifai, baƙa a tsohon kwanon sha, koriya a murfin tukunya. In ya laluba ya ji faifai ya san ja ce. Sauran aikin kuwa yatsunsa sun fi idon wani gani. In yaro ya kawo katakonsa, Malam ya bi kowace waya da hannu, ya ja kowane noti, ya ce wannan bai ɗauru ba, wannan ka fere da yawa tagulla na waje. Abu ɗaya ne yatsa ba ya ji, kala.

A rukunin bara akwai biyu da muryarsu ta fi zama min a kunne. Ɗaya yarinya ce, ita kaɗai a cikin maza, 'yar Ƙofar Kuyambana, siririya, takan ɗaure hannun hijabinta da robar gashi don kada ya kama waya. Mahaifinta ya yarda ne saboda ina gidan, kuma ya ce akwai gidaje da yawa a cikin birni da namiji ba ya shiga, soket ya mutu wata da watanni ana jiran maigida ya samu sukunin tsayawa a kan mai gyara. Ɗayan kuma ɗan wani mai shayi ne a Tukur-Tukur. Hannunsa da sauri, bakinsa ya fi hannun sauri, kuma kullum a gaggauce yake, don kafin magariba sai ya je ya taya mahaifinsa fitar da tebur.

Sai in ji yaron ya ce mata, “Injiniya, ara min testarki mana.”

“Taka fa?”

“Na baro ta tana juya shayi.”

“To je ka gwada da cokali.”

“Malam, ka ji ta ko? So take wuta ta ja ni ta gaje katakona.”

“Katakon da kilif ɗinsa ke tafiya kamar maye? Allah ya kiyashe ni.”

Malam ya ce, “Ku biyun nan, in baki ke haɗa waya da kun haska Zazzau gaba ɗaya. A yi aiki.”

Haka suke, ni kuma ina ɗakin girki ina dariya ni kaɗai.

Wata Asabar ina kaɗa miya sai na ji karatun ya canza. Da, in ana aiki, guduma ce da tsokana. Ranar sai na ji wani yaro ya ce, “Malam, na ɗauko ja, zan kai ta makunni.” Malam ya ce kai ta. Can wani ya ce, “Malam, baƙa ce a hannuna, za ta holdar ƙwan fitila.” Wani kuma, “Koriya, Malam, za ta jikin ƙarfe.” Kowa sai ya faɗi kalar da ke hannunsa kafin ya ɗaure. Na ajiye maburgi na saurara da kyau. Ba wanda ya umarce su, don da an yi da na ji.

Da la'asar ta yi maza suka tafi masallaci, yarinyar ta shigo ɗakina salla kamar yadda ta saba. Na bari ta sallame.

“Ke, zo nan. Wa ya koya muku wannan sabon karatu na kiran kala?”

Ta sunkuyar da kai tana naɗe sallaya. “Ba kowa, Gwaggo.”

“Ba kowa ne ya mai da ku masu shela rana ɗaya?”

Sai ta ce, “Gwaggo, makon jiya wani ya jefa guntuwar baƙa a cikin faifan nan. Malam ya ɗauko ta ya miƙo min ya ce in sa a makunni. Na karɓa na musanya, bai gani ba. Da muka fita muka tsaya a bakin ƙofar gari muka yi shawara. Muka ce kowa ya riƙa faɗa da baki. Kuma duk wanda ya nuna wa Malam mun sani, ba mu ba shi.”

Na ce Allah ya yi muku albarka, na juya ina gyara gado wanda ba abin da ya same shi.

Da yamma Malam ya shigo da fara'a, ya ce, “Yaran bana sun fi na bara natsuwa. Komai sai sun faɗa da baki kafin su yi. Haka ake so.” Na ce ai kuwa, na tura masa kwanon tuwo kusa da hannunsa. Su suna yi masa kara, ni ina yi masa kara, aka yi ta tafiya a haka har bazara ta shigo.

Ranar da abin ya faru Lahadi ce, ana zafi irin wanda ko kaji ba sa motsi. Tun safe babu wuta. Haka muke fama, yara su gama haɗa aiki amma babu wutar da za a gwada, sai a sa filogin katako ɗaya a soket a zauna jira, in an kawo a yi sauri a gwada na kowa kafin a sake ɗaukewa. Jarrabawa ta matso, wayar faifai kuwa ta koma guntaye. Da na ware ta da safe har na ce a raina wannan ja ba za ta ishe su ba.

Ɗan mai shayi ne ya fara gamawa. Na ji ya ajiye katakonsa gaban Malam, na ji Malam na bin wayoyin yana tambaya.

“Wannan da ta taho makunni fa?”

“Ja ce, Malam.”

Muryarsa ta ɗan yi ƙasa, ba irin yadda ya saba cika zaure ba. Malam ya ce to, a sa filoginsa, shi za a fara gwadawa. Aka sa, aka zauna. Suna hira, suna fifita da kwali. Ashe wayar nan da ta je makunni a ɗame take, don a takure aka ja ta, sai bakinta ya zame daga noti. Yarinyar ta gani. Ta ga baƙa ce, ta ga kuma babu wuta tun safe, sai ta kai hannu za ta mayar wa yaron da ita.

Ni abin da na fara ji shi ne ihun yaran unguwa a waje, an kawo wuta, an kawo wuta. Fankar ɗakina ta yi ƙara za ta fara juyawa. Sai ƙarar yarinyar, wata irin ƙara gajera da ban taɓa jin irinta ba, da faɗuwar benci.

Ban san lokacin da na isa zaure ba, ko mayafi babu, ludayi a hannuna. Na tarar hannun Malam a kan babban makunnin da ke bayan ƙofa, ya riga ya kashe. Shi ya kafa shi da kansa tun kafin a haifi yaran nan, hannunsa bai nemi ido ba wajen zuwa can. Yarinyar na zaune a ƙasa ta riƙe hannunta tana salati. Yatsunta biyu sun yi fari a baki. Allah ya sa da takalmin roba a ƙafarta, ƙasan kuma a bushe, kuma da ta firgita baya ta faɗa hannun ya rabu da wayar.

Na rungume ta. Malam ya ce, “Tana magana? Hajiya, duba min ita, tana magana?” Na ce tana yi. Ya ce wani ya yi maza ya tsayar da keke a kai ta asibiti a duba ta. Kafin wanda aka aika ya dawo sai ya ce a cire filogi a miƙo masa katakon. Ya bi shi da yatsu har ya iso kan wayar da ta zame, ya riƙe ta.

“Wace kala ce wannan?”

Ya sake tambaya.

“Da ku nake. Wace kala ce?”

Yarinyar ce ta amsa daga jikina. “Baƙa ce, Malam.”

Ɗan mai shayi ya durƙusa. “Malam, jar ce ta gajarce. Na auna duk guntayen, babu wadda ta kai. Na ga lokaci na tafiya, na ce ai tagullar ciki ɗaya ce, zai kama. Na ce in an gwada zan kwance da kaina ba wanda zai taɓa.”

“Zai kama mana. Ai ga shi ya kama.” Malam bai ɗaga murya ba. “Da ka ce min ja ta ƙare, da jan salatif za mu naɗa a bakin baƙar, duk wanda ya zo bayanka ya san da wuta a ciki. Kala ba ado ba ce, saƙo ne kake bar wa wanda zai taɓa aikinka ba ka nan. Ke kuma, katako da filogi a soket kika kai wa hannu? Ina testarki?”

“Na ga baƙa ce, Malam.”

“Kin ga baƙa ce.” Ya murza wayar a tsakanin yatsunsa. Sai ya ɗago kai ya fuskanci inda yake jin numfashinsu. “Tun yaushe kuke karanta min kala?”

Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, “To. Na gode. Ni na duba katakon nan na ce a sa masa wuta. Ku tafi gida.”

Na raka yarinyar asibiti, aka duba ta aka sa magani a yatsun, aka ce Allah ya kiyaye. Da na dawo na tarar ya kulle zaure ya sa makullin a aljihu.

Asabar ta zo babu guduma. Shirun da na yi shekaru ina roƙon Allah ya ba ni, ga shi ya zo, amma na kasa zama a cikinsa. Na share tsakar gida babu ko ɓawon waya ɗaya. Malam na soron ciki a zaune, rediyo a gefensa bai kunna ba. Mai shayi ya zo da ɗansa ya ba da haƙuri, ya ajiye wani ƙullin jar waya sabuwa a bakin ƙofa, Malam ya ce ba komai, amma bai buɗe zaure ba. Mahaifin yarinyar ma ya zo. Mutum ne mai sanyin magana. Ya ce ita ta dame shi sai ta dawo, shi kuma bai hana ba, amma yana roƙon a samu babba mai ido da zai riƙa dubawa kafin a sa wuta. Malam ya ce gaskiyarka. Ɗanmu kuwa ya ce ai shi ke nan, a tafi a yi aikin idon yanzu.

Malam ya ce min, “In na kwanta yanzu, ina kwance za su shiga jarrabawa. Rabinsu ba su taɓa haɗa fitila mai makunni biyu ba.”

“To ka buɗe zaure.”

“Da wane idon?”

Na daɗe ina kallonsa. Ya rame a 'yan kwanakin nan fiye da yadda ya rame a shekara. Na ce, “Ja da baƙi dai na san su. Ba wanda ya kai ni share su a garin nan.”

“Matar gidan nan ba ta taɓa zama a zaure ba, Hajiya.”

“Maigidan gidan nan ma bai taɓa tsiyaya shayi a tabarma ba, sai bana.”

Ya yi wata 'yar dariya ta gajiya. Na ce amma da sharaɗi, ranar da suka fito daga jarrabawa, asibiti. Ya ce in sha Allahu. Na ce a'a, ka faɗa da bakinka. Ya ce ya yi alkawari.

Haka na koma zaman zaure da tsufana. Nakan sa hijabi in ajiye kujerata 'yar tsugunno a ƙofar da ke shiga cikin gida, rabina a zaure rabina a gida. Duk wanda ya gama ya kawo katako gabanmu. Filogin a cinyata yake zama, ba ya barin hannuna sai mun gama. Malam ya ɗora yatsa a kan waya, ni in ce ja. Ya matsa, in ce baƙa. Ban san dalilin da ya sa wannan ta bi nan waccan ta bi can ba, kuma ban tambaya ba, kala kawai nake faɗa. Shi ke cewa daidai ko a kwance.

Ba sauƙi. Bayana ya riƙe, gwiwoyina suka kumbura, tuwon dare ya koma sai bayan magariba ake tuƙawa. Maƙwabta in na shiga gidan suna sai a ce ga injiniya ta iso, a ba ta wuri. Wata ƙawata ta ce, “Ke da ko ƙofar gida ba kya leƙawa, yau ke ce a zaure cikin samari?” Na ce samarin da na girmi iyayensu. Ɗan mai shayi shi ke fara kawo nasa kullum, ya durƙusa ba magana, kansa a ƙasa. Sai da aka yi makonni sannan wata rana ya ce, “Gwaggo, ki duba da kyau, wannan jar har ta fi manja.” Yarinyar ta ce, “Ka yi shiru, mai baƙar aniya.” Zaure ya fashe da dariya, har Malam. Ranar na san ajin ya dawo.

Suka yi jarrabawa da farkon damina. Da sakamako ya fito mafi yawansu sun ci, wasu ba su ci ba, kamar kowace shekara. Ɗan mai shayi yana bin wani mai aikin wayarin, wato sa wa gidaje waya, a Sabon Gari. Yarinyar kuwa har an fara aikowa daga gidaje ana nemanta. Ta zo min sallama da jakar kayan aikinta, ta kashe babban makunni, ta sa testa, ta gyara soket ɗin ɗakina. Tabon na nan a yatsunta.

Sai maganar alkawari. Da farko aka ce bari ruwa ya ɗauke, hanya ba kyau. Sannan aka ce bari a gama bikin 'yar ƙaninsa. Idon kuwa kullum ƙara rufewa yake, yanzu ko fuskar jikokinsa da murya yake gane su. Ɗanmu ya gaji ya je da kansa ya karɓo rana, mako mai zuwa ne.

Shekaranjiya da hantsi sai ga sallama a ƙofar zaure. Muryoyi ne sababbi, na yara, suna ture juna wa zai fara magana. 'Yan ajin ƙarshe ne na bana. Kafin in ajiye tsintsiya na ga Malam ya miƙe yana laluben hularsa. Na riga shi zuwa bakin ƙofa. Suna riƙe da leda cike da tsofaffin wayoyi da suka tsinto. Babbansu ya gaishe ni ya ce, “Gwaggo, ke ce mai duba kala ko? An ce mana in kina nan Malam zai karɓe mu.”

Na ce su dawo Asabar za su ji amsa. Da na juyo Malam na tsaye a bayana da hula a karkace.

“Hajiya, bari waɗannan su ɗan kama hannu tukuna. Ai ga ki.”

Ai ga ni. Kujerar da na fitar don ya sauke nauyin yara ya je a gyara masa ido, ita ce yanzu ta zame masa dalilin ƙin zuwa. In na zauna, zai ce a ɗaga ranar asibiti, kuma na san bayan waɗannan wasu na tafe. In na ƙi, yaran nan za su koma zana makunni a littafi har ya warke, shi kuma zai kwanta yana jin sallamarsu ana mayar da su. Makullin zauren yana wurina tun jiya, na zare shi daga aljihun rigarsa da zan yi wanki, bai kuma tambaya ba tukuna.

Gobe Asabar. Ku da kuka saurare ni har nan, ku faɗa min tsakani da Allah: in fitar da kujerar, ko in bar makullin a ƙasan adakata har sai an buɗe masa ido?